Rubutun Siyasa a Zamfara: Me Ya Saura Bayan An Naɗe Tabarma?

A wani zaman karatu da muka yi a Tudun Wada, nan cikin Gusau, bayan sallar la'asar, sai ɗaya daga cikin dattawan ƙungiyarmu ya shigo riƙe da wata tsohuwar jaka, ya dire ta a tsakiyar tabarma, ya ce ga amanarmu nan ya dawo mana da ita. Da aka zazzage sai ga takardu jingim, wasu rubutun hannu, wasu bugun tafireta, wasu kuwa na kwamfuta. Ashe tun daga 1999 bawan Allahn nan yake tara duk wata waƙa ko maƙala ko gajeren labari da ɗan ƙungiya ya karanta a gabanmu, muddin dai ta shafi siyasa. Zama uku muka yi muna bin su ɗaya bayan ɗaya. A zaman farko dariya muka sha. A na biyu dariyar ta ragu. A na uku kuwa kowa ya yi jugum, domin mun fahimci cewa mafi yawan abin da ke cikin jakar nan ya riga masu shi mutuwa.

Abin da muke nufi da mutuwa shi ne, za a ɗauko waƙa mai baiti talatin, a karanta ta daga farko har ƙarshe, matasan da ke wurin su yi ta kallon juna, sai an tsaya an yi musu bayanin wane ne ake yi wa habaici, me ya haɗa shi da wane, a wace jam'iyya yake a lokacin. Kafin a gama bayanin, ɗan armashin da ke cikin waƙar ya tsere. Wani lokaci ma shi kansa mai waƙar sai ya yi ta sosa ƙeya kafin ya tuna wanda yake zagi. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wa kanmu tarke a wannan fitowa, tun da dai hannunmu dumu-dumu yake a ciki, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kada wani ya ce rashin abin faɗa ne ya jawo haka. Jihar da aka ƙirƙiro ran 1 ga Oktoba, 1996, ta ga abubuwan da wata jihar ba ta gani ba cikin shekara hamsin. A nan Gusau aka yi taron ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, duniya duka ta juyo tana kallonmu. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu saboda daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Satar shanu ta rikiɗe ta koma ƙone garuruwa da satar mutane don kuɗin fansa. Ran 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un jam'iyyar APC baki ɗaya a jihar saboda rashin sahihin zaɓen fidda gwani, waɗanda suka zo na biyu suka wayi gari su ne da mulki. Ƙaramin gari ɗaya, wato Jangebe, sau biyu sunansa yana zaga duniya: a 2000 lokacin da aka zartar wa wani mutumin garin hukuncin yanke hannu, da kuma 2021 lokacin da aka kwashe 'yan mata daga makarantar kwana. Marubucin da aka ajiye a tsakiyar wannan duka, ba shi da bakin cewa ya rasa jigo.

To me muka yi da shi? Amsar tana cikin jakar. Kaso mafi tsoka yabo ne da zambo. Wane gwarzo ne, wane ɓarawo ne. Wane ya yi titi, wane ya sayar da taki. Idan ka cire sunan da ke cikin waƙar 2003 ka sa wani, za ta zauna daram a 2011 ko 2023, kamar rigar aro. Akan ce ai wannan gadonmu ne, wai ƙasar Zamfara ƙasar makaɗan fada ce, yabo da zambo a jininmu suke. Mun yarda gado ne, amma rabin gadon muka ɗauka, muka bar rabin da ya fi tsada. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu tun 1991, amma har gobe ana sauraren waƙar da ya yi wa 'Yandoton Tsafe, kuma mafi yawan masu saurarenta ba su san sarkin ba, ba su kuma san waɗanda aka yi wa zambo a ciki ba. Abin da ya riƙe ta shi ne nauyin Hausa, da hoton da yake zana maka da kalma har ka ga mutum a tsaye gabanka. Haka Sa'idu Faru da ya shafe shekaru yana yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo waƙa. Waɗannan mutane suna da ubangida, ba su taɓa ɓoyewa ba, kuma abin da suke ɗaukakawa sarauta ce mai asali wadda ta girmi wanda ke kanta. Mu kuwa ubangidanmu na shekara huɗu ne, wani lokaci ma ba ya kaiwa.

Dubi abin da ya faru a gabanmu. Gwamna Mahmud Aliyu Shinkafi ya ci zaɓe a ANPP a 2007, ya koma PDP yana kan kujera. Gwamna Bello Matawalle ya hau a PDP a 2019, ya koma APC a watan Yuni na 2021. A cikin jakar nan mun tsinci waƙoƙi biyu na mutum ɗaya, tsakaninsu bai kai shekara biyu ba, a ta farko ya kira wata jam'iyya annoba, a ta biyu ya kira ta inuwar talaka, kuma amsa-amon ma bai sauya ba. Ba za mu faɗi sunansa ba, don yana nan tare da mu, kuma shi ya fara yi wa kansa dariya. Ya kare kansa da cewa in kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Gaskiya ne ga mai rawa. Amma mu a da muna zaton marubuci yana cikin masu kiɗan ne.

A nan ya kamata mu yi hattara, kada a ɗauka muna cewa marubuci ya nisanci jam'iyya, ya hau kan katanga ya zauna. Tarihin adabinmu bai goyi bayan haka ba. Malam Sa'adu Zungur ɗan siyasa ne tsantsa, ya riƙe muƙamin sakatare a NCNC, kuma yana cikin waɗanda suka shayar da 'yan NEPU aƙida. Amma ɗauki waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ka duba yadda ya gina ta. Tambaya ya ɗora a gaban jama'a: wane irin tsarin mulki ya dace da Arewa idan Turawa suka tafi? Ya nuna inda ya karkata, ya kawo dalilansa, ya gargaɗi sarakuna cewa in ba su gyara ba abin da suke tsoro zai same su, ya taɓo jahilci da zalunci a kotuna da lalacewar tarbiyya. Da Alhaji Mudi Sipikin ya ga bai gamsu ba, sai ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai, hujja ta ci karo da hujja. Zungur ya rasu a 1958, Sipikin a 2013, NEPU da NPC duk sun zama tarihi tun juyin mulkin 1966, amma har yau ana koyar da muhawarar nan a makarantu, domin tambayar ba ta tsufa ba. Ko a 2019 da 2024, lokacin da rikicin masarautar Kano ya tashi, wanda ya san waƙoƙin nan biyu ya san ba sabuwar magana ake yi ba.

Kuma kada mu mayar da mutanen da waliyyai. A zamanin NEPU da NPC an yi waƙoƙin zagi na fitar hankali, an kafirta juna, an shiga har cikin ɗakunan iyaye. Farfesa Haruna Abdullahi Birniwa ya yi digirinsa na uku a Sakkwato a 1987 a kan waƙoƙin siyasa na ɓangarorin nan biyu, tun daga wajen 1946 har zuwa zamanin NPN da PRP. To amma wa ke rera na zagin a yau? Sun koma kayan aikin manazarta, sai mai neman digiri ke kaɗe musu ƙura. Zamani ya riga ya yi musu tankaɗe da rairaya, kuma irin rariyar da za a sa mana ke nan.

Ta fuskar ƙagaggen labari ma akwai abin dubawa. Gasar da Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya ta shirya ta haifar da littattafan da aka buga a 1982, cikinsu har da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. A Turmin Danya ba a ambaci sunan wani gwamna ko minista ba. An dai nuna mana Alhaji Gabatari, ɗan fasa-ƙwauri, da yadda kuɗinsa ke ratsa ma'aikata kamar yadda ruwa ke ratsa rairayi. Duk wanda ya karanta shi yau zai ɗaga kai ya ce ai na san wannan Alhajin, a unguwarmu yake. Shi wannan marubuci ya sake fitar da Tura Ta Kai Bango a 1983, wanda ya fi shiga siyasar jam'iyyu kai tsaye, kuma a namu ganin bai kai na farkon ƙarfi ba, saboda tun daga nesa mai karatu yake hango ɓangaren da aka shirya wa gaskiya da wanda aka shirya wa laifi. Amma wanda ya fi tayar mana da tsigar jiki a yanzu shi ne Ƙarshen Alewa Ƙasa. Labarin Mailoma ne, wanda ya fito daga yaƙin basasa, ya tara 'yan ta'adda da makamai da ƙwayoyi, ya mayar da kashe rai ba bakin komai ba. A lokacin da littafin ya fito wasu sun ɗauke shi kwaikwayon finafinan ƙetare. Mutumin Tsafe ko Ɗansadau da zai karanta shi yau ba zai ce haka ba. Gagare ba duba ya yi ba. Ya lura ne da abin da kan biyo baya idan makami ya yi yawa a hannun matasan da ba su da abin yi ba su kuma da wanda suke jin kunya, ya bi zaren har ƙarshensa.

Wannan ya kawo mu ga ciwo na biyu, wanda muke ganin ya fi na farko muni, wato rubutu da jita-jita. Yawancin abin da muka rubuta game da rashin tsaro, a zaune muka rubuta shi, a majalisar mai shayi ko a gindin fanka, daga abin da wani ya ce wani ya faɗa masa. Daga Tudun Wada zuwa Bunguɗu tafiyar 'yan mintoci ce a mota. Masu gudun hijira ma ba sai an je ko'ina ba, suna nan cikin Gusau a kangaye da tashoshi da bakin kasuwa. Mu nawa ne muka taɓa shimfiɗa buzu kusa da wata tsohuwa daga cikinsu muka ce, Inna, ba mu labarin daren da kuka baro gida? Da ɗai-ɗai. Shi ya sa waƙoƙinmu na ta'aziyyar jiha suka cika da kalmomi irin su “zubar da jini” da “bayin Allah” da “an gaza”, amma babu fuskar mutum ko ɗaya a ciki.

Alhali waɗanda suka taka ƙafa suka je, aikinsu ya yi tasiri. Garin Bagega ya daɗe yana jiran kuɗin da za a kwashe gurɓatacciyar ƙasa, domin likitocin ƙungiyar MSF sun ce ba amfanin yi wa yaro magani a mayar da shi cikin gubar. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar garin nan ɗaya tak, suka je suka gani, suka yi ta nanata ta ba gajiya, har gwamnatin tarayya ta saki kuɗin a farkon 2013. Ba su tsaya zagin kakan kowa ba. Gari ɗaya, buƙata ɗaya, da tambayar ina kuɗin suke. Dokta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya shafe shekaru yana bincike a dazuzzukan jihar nan kafin ya gabatar da laccarsa mai suna I Am a Bandit a 2021. Yusuf Anka, ɗan jihar nan, ya hau babur ya shiga inda mutane ke gudu, aikin da BBC ta nuna a 2022. Ana iya saɓa wa waɗannan mutane, kuma an saɓa musu ƙwarai, har an zarge su da ba 'yan ta'adda bakin magana. Amma ba wanda ya isa ya ce ba su gani ba. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne, galibin waɗannan ayyuka da Turanci aka gabatar wa duniya su, alhali da Hausa da Fulatanci aka yi kukan. Mu da muke tinƙaho da harshen, muna can muna neman kalmar da za ta yi amsa-amo da sunan ɗan takara.

Ga ƙaramin misali na illar gaggawa. Ran 26 ga Fabrairu, 2021, da aka kwashe 'yan matan Jangebe, adadin da aka fara bayarwa 317 ne. Da aka sako su ran 2 ga Maris, sai hukuma ta ce 279 ne. A jakarmu akwai waƙar da ta saka 317 a cikin amshinta, aka maimaita shi bayan kowane baiti. Mai waƙar ba ƙarya ya shirya ba, abin da ya ji ya ɗauka. Amma magana zarar bunu ce, kuma wadda aka rubuta ta fi wuyar mayarwa. Ɗan jarida yana da gobe da zai gyara labarinsa, mai waƙa ba shi da ita.

Akwai kuma wanda ya wuce kuskure ya zama haɗari. Mun karanta maƙaloli, ba ɗaya ba ba biyu ba, da suka ɗora laifin 'yan bindiga a kan Fulani kaf, da wasu da suka mayar da martani suka ɗora komai a kan 'yan sa-kai da Hausawa kaf. A jihar da aka sha kashe mutum a kasuwa saboda kamanninsa, aka kuma sha ƙone gari saboda ramuwa, irin wannan rubutu itace ne ake turawa a wuta. Marubucin da ya kasa bambance Bafulatanin da aka sace wa shanu da wanda ya sace su, ko manomin da ke gadin garinsa da wanda ya mayar da sa-kai hanyar cin zali, to bai cancanci ya taɓa jigon ba tukuna. Waɗannan kam ba mu yi musu dariya ba.

Sai dai jakar ba ta rasa alheri ba, kuma a kansa muke son mu ɗan daɗe. Akwai wani gajeren labari, shafi huɗu kacal, na wata 'yar'uwa daga wajen Bunguɗu. Wata mata ce mijinta ya rasu, aka yanka wa garinsu kuɗin da za su biya mutanen daji kafin a bar su su girbe gero, mai unguwa ya raba wa kowane gida nasa kaso. Labarin duka a tsakar gida ya faru, cikin yini ɗaya. Tana auna ragowar hatsin bara da tiya, tana warewa gefe wanda za a kai kasuwa, ƙaramin ɗanta yana ƙirga mata, yana kuskure, tana gyara masa. Ta ɗauko kwallar aurenta ta duba, ta mayar, ta sake ɗaukowa. Maƙwabciya ta leƙo aron turmi, suka yi hirar komai ban da abin da ke cin su. Babu sunan gwamna, babu sunan jam'iyya, ba a ma ga bindiga ko sau ɗaya ba. Amma da aka gama karantawa sai da aka ɗauki lokaci kafin wani ya yi tari. Duk tambayar da maƙalolinmu suka yi ta kururuwa a kai, wato ina hukuma take, tana cikin tiyar nan, domin mai karatu da kansa yake gane cewa matar haraji take biya, kuma ba ga waɗanda ta zaɓa ba.

Inda muka ga gazawar labarin shi ne sakin layi na ƙarshe. Kamar marubuciyar ta ji tsoron ba za a gane ba, sai ta ajiye matar gefe, ta fito da kanta ta yi mana wa'azi a kan shugabanni da ranar hisabi. Mun ba ta shawara ta yanke shi, labarin ya tsaya inda yaron ya tambayi ko tiya nawa ta rage musu. Ta ce za ta duba.

Sai kuma wata waƙa ta wani matashi daga Tsafe a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Baitoci goma sha biyun farko sun yi kyau matuƙa: yadda hira ke mutuwa a cikin mota idan an doshi wasu wurare, yadda direba ke leƙen motocin da ke tahowa don ya karanta fuskokin mutane, yadda kowa ke ɓoye wayarsa yana motsa leɓe. Yana da kunnen kari, Hausarsa kuma ba gauraye. Kwatsam a baiti na goma sha uku sai ga ɗan takara ya faɗo cikin waƙar kamar an jefo shi ta taga, wai shi ne zai gyara hanyar, daga nan har ƙarshe kirari ne. Da muka tambaye shi dalili, bai ɓoye ba, ya ce wanda ya biya kuɗin ɗaukar waƙar a sutudiyo ne ya ce a saka.

To ga maganar kuɗi ta zo, kuma ba za mu kauce mata ba, don mun san abin da ake faɗa a bayan idonmu: marubuci takarda zai ci? Kamfanonin da a da suke karɓar littafi su buga su biya lada sun ja baya tun tuni. Yau kai ne marubuci, kai ne mai bugawa, kai ne ɗan talla, sannan ranar ƙaddamarwa ka sa babbar riga ka je ka yi zaman jiran ɗan siyasar da zai sayi kwafi ɗaya da tsada. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ba mu da bakin hana kowa neman abinci. Sojojin baka na gidajen rediyo sana'arsu suke yi a fili, haka mawaƙan kamfen, kowa ya san wanda ya ɗauki nauyinsu. Roƙonmu ɗaya ne: in ka yi aikin haya, ka kira shi aikin haya, kada ka kawo mana shi zaman karatu da sunan adabi. Kuma ko a cikin aikin albashi akwai wurin tsayawa. Alhaji Abubakar Imam ma'aikacin jaridar gwamnatin mulkin mallaka ne tun da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, amma da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma ya gana da Lugga, bai fasa zayyana masa illolin da ke cikin tsarin mulkin En'e ba.

Ba kuma za mu yi kamar ba mu san akwai tsoro ba. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, malamin jami'a ne mai zafin sharhin siyasa. A farkon Agusta na 2019 wasu mutane suka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna. A Agusta na 2022 hukumar NBC ta ci tashar Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga. A Oktoba na shekarar, gwamnatin jihar nan ta ba da umarnin rufe wasu kafofin yaɗa labarai a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM, saboda sun ɗauki taron 'yan adawa, kafin daga baya a janye. Wanda ya ce wa matashi ya rubuta duk abin da ya ga dama ba abin da zai same shi, yaudararsa yake yi. Amma a lura da wani abu: zagin mutum da suna shi ya fi saurin kai marubuci gaban alƙali, shi ne kuma ya fi saurin mutuwa. Labarin matar nan mai tiya ba wanda zai iya kai ƙararsa, don ba a ambaci kowa ba, alhali ya fi maƙala ɗari ciwo. Kakanninmu da suka sa Gizo ya riƙa wasa da hankalin sarki da zaki a tatsuniya sun san abin da suke yi.

Wani abin da jakar ta tuna mana shi ne darajar takarda. A farkon Satumba na 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar nan, aka rufe kasuwannin mako, Gusau ta yi kusan wata guda a haka, sauran wurare kuwa har wajen ƙarshen Nuwamba. A 'yan makonnin nan duk masu sharhin da ke cikin waya suka yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Wani ɗan ƙungiya ya ce mana a lokacin ne ya fara rubuta abin da yake gani kullum a littafin makaranta mai shafi sittin: farashin mudu, wanda ya yi tafiya zuwa wata jiha don kawai ya kira ɗansa, jita-jitar da ta zaga gari da yadda ta ƙare. Da layi ya dawo sai ya watsar. Mun roƙe shi ya nemo littafin. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin abin da ake rasawa idan takarda ta salwanta. 'Yandoto, nan kusa da Tsafe, gari ne na malamai da ɗalibai tun kafin jihadi. Da malamanta suka ƙi bin Shehu aka ci garin da yaƙi a farkon ƙarni na 19, kuma labarin saɓanin ya iso gare mu ne galibi ta alƙalamin waɗanda suka yi nasara. Ko mutum yana ganin su ne da gaskiya ko ba su ba ne, zai so a ce ya ji hujjarsu daga bakinsu.

A ƙarshen zama na uku mun kasa takardun gida biyu, waɗanda za a iya karanta wa baƙo ba tare da dogon bayani ba, da waɗanda sai da bayani. Kashin farko bai fi kaurin littafin Iliya Ɗan Maiƙarfi ba, na biyu kuwa sai da aka ɗaure shi da igiya. An amince za a tace na farkon a buga shi a fitowa ta gaba, bayan masu shi sun yi gyaran da aka nuna musu, kuma an ba matashin nan na Tsafe zaɓi, ko ya tsaya a baiti na goma sha biyu ko ya janye waƙarsa. Wasu daga cikinmu, saboda kara, sun so su zura wata doguwar waƙa da dattijon mai jaka ya yi a zaɓen 2003 cikin kashin farko. Ya miƙa hannu ya zare ta, ya duba ta sama da ƙasa, ya tura ta ƙarƙashin igiyar da kansa, sannan ya tambaya ko akwai sauran shayi.